Inna, Jakunanta da Goron Yayana

Daga Allah muke, kuma komai daɗewa wurinSa za mu koma. A damanar nan da ta wuce Ya karɓi ran surukata, uwar matata, wadda duk Bagudo ke kira Inna, har waɗanda suka girme ta.

Ranar da ta rasu ba a yi fito a gulbi ba, ba kuwa wanda ya ba da umarni. Sarkawa, masu jiragen da ke ƙetarar da mutane da kaya, su da kansu suka ja jiragensu bisa yashi suka hauro gari. Matafiyan da suka iske mashigi wayam sun fara faɗa, amma da aka gaya musu wadda ta rasu, yawancinsu suka ajiye kaya gindin itace suka biyo sahu. Washegari ga masu jakuna daga Illo da Bahindi, wasu har daga Kamba. Ga kuma mata daga ƙetaren iyaka, ƙasar Dahome, suna shigowa gidan suna kuka da Dandanci.

Abin da ya dame ni a zaman makokin shi ne dariya. Wani tsohon mai jakuna, wanda ya yi mata aiki tun yana da ƙarfinsa, shi ya fara. Yana share hawaye ya ce wata rana ya ɗora wa jaki kaya alhali da miki a bayansa, ya rufe da akumari, shimfiɗar bayan jaki, don kada ta gani.

"Ta zo ta ɗaga akumari, ta dubi jaki, ta dube ni. Sai ta sa an ka sauke taikin, an ka aza mani ga baya. Ta riƙe igiyar jakin tana jan shi gaba, ni ina biye. Har bakin kasuwa, jama'a! Jaki na tahiya shina kaɗa wutsiya kamar ango."

Aka fashe da dariya, har liman ya ja bakin rawani ya rufe baki. Na matsa kusa da shi na ce, "Allah gafarta malam, wannan dariya ba laifi kuwa?"

Ya ce, "In ka ji an yi mata ƙarya ko an ci namanta, zo ka gaya mani. In kuwa alherinta ake tunawa, zauna ka yi taka."

Na zauna, amma ban iya yin tawa sosai ba, domin na lura masu ba da labaran nan duk tsofaffi ne. In suka bi ta, wa zai faɗa? Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake karatuna na elementare ne. Abin da na gani da idona zan ce na gani, abin da aka gaya mini zan ce an gaya mini. Sunanta kuwa ba zan rubuta ba. Ban taɓa faɗinsa tana raye ba, bakina ba zai iya yanzu ba.

An gaya mini 'yar Dandawan Illo ce, aure ya kawo ta Bagudo. Mijinta madugu ne, yana da jakuna, yana ɗauko wa 'yan kasuwa kaya daga ƙetaren iyaka. Da ya rasu danginsa suka zo za su sayar da jakunan. Ta ce su yi haƙuri, akwai kayan da marigayi ya riga ya karɓa, a bari ta kai. Ta kai, ta dawo da wasu kayan da ita ta karɓa. Duk sanda suka dawo da maganar sai ta ce akwai kayan mutane a hannu, a bari ta kai. Da haka suka gaji suka bar ta.

Ita ba ta saye, ba ta sayarwa. Aikinta kawai ta ɗauko kayan wani daga kasuwar ƙetare, ta kawo Illo a kan jakuna, ta haɗa shi da jiragen Sarkawa, ta sauke a Bagudo yadda ta karɓa. Kafin a ɗora kowane kaya sai ta ɗaga shi da hannu ɗaya ta ji nauyinsa. Igiya kuwa sai ta taka ta da ƙafa ta ja, in ta yi ƙara ta jefar. Ta raba duk kayan duniya gida biyu. Goro da albasa da kifi ta ce da su masu rai, gishiri da tukwanen ƙarfe da atamfa marasa rai. Mai rai shi ke fara tafiya, ko na wane ne. Sannan ba ta taɓa haɗa kayan mutum ɗaya wuri guda. Sai ta rarraba su, wannan a jakin nan, wancan a wancan, haka ma a jirage. In jirgi ya kife, kowa ya yi asara kaɗan, ba wanda zai koma gida hannu wofi. Baƙon da bai saba ba kan yi ta zagaye yana neman kayansa, ita kuwa ta ce, "Zauna, ɗana. Kayanka sun yi dangi."

Ni ɗan Bahindi ne. Na auri autarta, na dawo Bagudo, ta ɗauke ni aiki don in riƙa karanta mata takardun kwastan. Na wajenmu ina karantawa. Na ƙetare da Faransanci suke, sai in riƙe takarda in dube ta da kyau, in mayar wa mai ita.

A wurinmu suruka ba ta yi wa mijin ɗiyarta magana ido da ido, shi ma ba ya yi mata. To ga aiki ya haɗa mu a hanya, inda matata ba ta nan balle ta shiga tsakani. Sai Inna ta samo dabara. Tana da wani baƙin jaki da take hawa, tana kiransa Duna. In tana son gaya mini abu sai ta sunkuya wajen kunnensa ta ɗaga murya.

"Duna, gaya ma mutumin Bahindi shi ɗaure taikin can, ya karkace."

Ni kuma in dubi ƙasa in ce, "Duna, ka ce an ɗaure. Amma idan fa igiyar ta tsinke a gangara?"

"Duna, ce mashi in ta tsinke a ƙulla."

"Idan fa kayan suka faɗa ruwa?"

"Duna, wanga mutum ya karya kumallo kuwa? Ba shi fura, yunwa ce ke magana."

Daga nan masu jakuna suka sa mini suna Malam Idan-fa, har yau bai sake ni ba. Ba na jin haushi, don gaskiya ne. Ni mutum ne da in an ce gobe za a tashi, sai in yini ina tunanin abin da zai lalace. Inna ba ta taɓa hana ni ba. Na ji ta wata rana tana ce wa matata, "Bar mijinki shi yi ta damuwa. Tun da ya zo na daina yin tawa, shi ke yi mani."

Shekarar da aka sami 'yancin kai aikinmu ya rikice. Dahome ta riga mu samun nata da ɗan lokaci, sai aka canja ma'aikatan iyaka, yau a ce hanya a buɗe take, gobe a ce a jira. 'Yan motocin da suka fara shigowa yankin suka yi wuyar samu, an ce an yi hayar yawancinsu don hidimar bukukuwa. Man fetur ya yi tsada, wani lokaci ma babu shi. Dusa da harawar jakuna suka tashi. Sarkawa su ma suka ce za su ƙara kuɗin fito, don zaren koma, wato ragar kamun kifi, da ƙusar jirgi sun fi ƙarfinsu.

Ina wurin lokacin da ta je ta sami shugabansu yana gyaran jirgi a bakin gulbi. Abokin wasanta ne, ba sa gaisawa sai da tsiya.

"Kai, mai ƙarnin kifi, an ce ka zama bature, kana ƙara haraji."

"Uwar jakkai, ke kin san nawa zare shike yanzu?"

"Ban sani ba, ban son sani. Daga ina shike zuwa?"

"Daga ƙetare."

"Wa ke zuwa ƙetare?"

Ya kalle ta, ya fara dariya. A nan suka shirya, ita za ta riƙa ɗauko wa Sarkawa zarensu da ƙusoshinsu da kananzir ba ladan dako, su kuma su bar mata fito yadda yake. Haka ta yi da manoman hanya, tana kai musu albasa ƙetare, suna ba jakuna kara da kwana. A shekarar ba mu taɓa tafiya ko dawowa da jaki ba kaya ba. Wasu masu jigila da yawa sun ajiye aikin, mu muna ta tafiya.

A cikin wannan hali ne yayana ya shigo maganar. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, manomi ne a Bahindi, bai taɓa fatauci ba. Ya ji ana cewa ranar bikin 'yanci kowane gida zai nemi goro, ga shi goro ya yi ƙaranci. Sai ya sayar da bijiminsa da hatsin da ya rage a rumbu, ya biyo mu kasuwar ƙetare, ya zuba duka a goro. Abin da ya mallaka ke nan a duniya, ban da gonar. In goron ya lalace, ba bijimi, ba hatsi, ga iyali suna jiran kaka.

Ana ɗaure goro ne a huhu, wato babban ƙunshi da aka lulluɓe da ɗanyen ganye mai faɗi. Muddin ganyen na da laima goro na da rai. In ya bushe, goro ya yanƙwane, ba mai saye.

Yayana ya kawo huhunansa zangonmu. Inna ta zagaya su, ta shinshina, ta ce goro mai kyau ne. Sannan ta fara nuna wa masu jakuna yadda za a rarraba su, ta ce za a tashi in sauran kaya sun haɗu.

Yayana ya ce, "Inna, a rarraba kamar yaya? Ni kayana wuri guda za su zauna, inda idona ke ganinsu."

"Mai gero, nan ba rumbu ba ne. Hanya ce."

"Kuma sai an jira gishirin wani? Ga mota can za ta tashi yau, direba ya ce kafin la'asar muna Illo."

"Ya ce maka yana da mai?"

"Ya ce."

"Ya ce maka ya ga fadamar hanya tun da an ka yi ruwan shekaranjiya?"

"Inna, zamani ya canja. Ƙasa ma za ta karɓi kanta, mu muna nan bayan jaki?"

Na ga fuskarta ta canja. Ban taɓa jin wani ya raina mata jakuna a gabanta ba. Ni kuma ina tsakiya, wannan yayana, waccan surukata, ba wanda zan iya ce wa kul. Na ja shi gefe na ce, "Yaya, idan fa motar ta maƙale?" Ya ce, "Kai tun kana yaro ko tuwo an ka ba ka sai ka ce idan fa da zafi." Ya sa aka kwashe huhunan zuwa mota. Inna ta bi su da kallo, sannan ta ce, "Duna, gaya ma mutumin Bahindi shi sayi ganyen goro da yawa, shi jiƙa shi, shi sa a kwando." Na ce wa Duna ai goron da muke ɗauke da shi kaɗan ne. Ta ce, "Duna, na tambaye shi?"

Bayan 'yan kwanaki kayanmu suka haɗu muka taso. Yawancinsu gishirin buhu ne na wani dattijo ɗan Kamba da ke tafe tare da mu, sai tukwane da atamfa. Duk hanya ina addu'a kada in ga abin da nake tsoro. Da hantsi muka gangaro fadamar, sai ga motar nan ta nutse a laka har ciki. Yayana na zaune bisa huhunansa, yana yi musu fifita da hularsa.

Ya ce tun ranar da suka taso suke nan. Direba ya ƙone ɗan man da ke gare shi wajen ƙoƙarin fita, ya tafi da ƙafa neman wani, bai dawo ba. Sauran fasinja kowa ya ɗauki kayansa a ka ya wuce. Shi nasa sun fi ƙarfin kai, kuma ya kasa barinsu. Tamfal ɗin motar duk huda ne, rana na dukan huhunan, ganyen waje ya bushe yana ƙara in an taɓa.

Na ɗauka Inna za ta yi masa gori. Ba ta yi ba. Ta sauko daga kan Duna, ta hau motar da kanta, ta cusa hannu cikin huhu har gwiwar hannu, ta zaro goro ɗaya ta matsa da babban yatsa.

"Na waje ya fara tahiya. Na ciki da sauran rai. In ya ƙara yini nan, shi ke nan."

Jakunanmu kuwa duk a cike suke. Ta juya wajen dattijon ɗan Kamba.

"Baba, gishirinka ba shi da rai. Shi jira, in kai goron ga, in dawo in ɗauke shi."

"Ni? Wanga da ya zage ki a zango kunnena na ji? Kuma dubi gabas, kullum da la'asar hadari ke haɗuwa. Gishiri ba shi da rai, amma ruwa na kashe shi."

"Gaskiyarka. Motar da ba ta tahiya rumbu ce, a ciki za mu jera shi, sama da ƙasa. Mu bar ƙiragan fata da tabarmi a rufe shi. Mai gadi kuma ga shi nan." Ta nuna yayana.

Yayana ya miƙe tsaye. "Inna, ni in bar gorona shi tahi ba ni?"

"Kwana da kwanaki kana kallon shi, mi kallon ya yi mashi?"

Dattijon ya shafa gemu ya ce, "To, na yarda, amma a ji da kyau. In na iske gishirina ya narke, goron nan nawa ne."

Yayana ya dube ni, ni kuma bakina cike da idan-fa har na rasa wanda zan fara. Ya dubi huhunan, ya dubi gabas, ya ce a hankali, "Na yarda."

Nan take aka kama aiki. Aka sauko da huhunan inuwa aka kwance su, aka tsince wanda ya lalace, aka sake ɗaure sauran ƙanana-ƙanana da ganyen nan da Inna ta sa na jiƙo. Aka jera gishiri cikin mota. Masu jakuna suna aiki suna tsokanar yayana, wani ya ce, "Direba, a ba mu wuri gaban mota mana." Da za mu tashi ya riƙe hannuna ya ce, "Ka duba mani shi." Na ce to. Mun yi nisa ina waiwaye, yana tsaye bisa buhunan yana jan tamfal.

Duk rafin da muka tarar sai Inna ta tsayar da ayari a yayyafa wa goro ruwa. Ba ta yarda a zuba da yawa, da tafin hannu ake yi, kamar ana shafa wa mai zazzaɓi. Muka kwana Illo, da safe muka gangara gulbi. Ta rarraba goron cikin jirage yadda ta saba. Muna tsakiyar ruwa iska ta taso, sama ta yi baƙi, ruwa ya sauko kamar da ƙwarya. Jirgin da nake ciki ya fara shan ruwa, ina kwarfewa ina salati. Shugaban Sarkawa na tuƙi yana dariya.

"Malam Idan-fa, bar kuka! Goro wanka shike so. Da gishiri mun ka ɗauko da yanzu gulbi ya zama miya."

Shi wasa yake, ni kuwa maganar ta soke ni, don ruwan daga wajen fadamar can ya taso. Mun ƙetare lafiya, ba abin da ya ɓata, amma na kasa cin abinci.

Inna ta sa aka jera goron a ɗakinta mai sanyi, matata na yayyafa masa ruwa safe da yamma. Masu jakuna suka juya ɗauko gishiri, a kan dusa da harawar Inna, ba ta nemi kowa ya biya ba. Kafin su dawo labari ya bazu cewa akwai goro gidan Inna. Biki ya matso, 'yan makaranta na ta koyon maci da 'yan tutoci, dillalai suka cika ƙofar gida. Ta ce ba nata ba ne.

"To na wane ne?"

"Ni ma ban sani ba tukuna. Ku tambayi hadari."

An ƙara yin ruwa a kwanakin. Kullum ina bakin gulbi, dattijon ɗan Kamba na gefe yana jan carbi. Na yi ta tunanin abin da zan gaya wa matar yayana in abin ya ɓaci, ban samo ba.

Ana gobe biki da hantsi jiragen suka ɓullo. Na hangi yayana a na gaba, ba riga a jikinsa. Da ya sauko na ga sauro ya yi masa kaca-kaca, idanunsa sun faɗa. Ya buɗe baki zai gaishe mu, murya ba ta fita, mura ta kama ta. Masu jakuna ne suka ba da labari. Sun ce sun iske ya yayyage rigarsa da bargonsa ya toshe hudojin tamfal, ya yanko ciyawa ya yi wa motar jinka kamar ɗaki, ya haƙa rami ya kewaye ta don ruwa ya wuce. Direba ya dawo da mai, ya ga motarsa da rufin ciyawa, ya tsaya yana tambaya ko an yi ƙauye a wurin.

Aka jera buhunan bisa yashi. Dattijon ya tashi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai ya buga shi da tafi ya saurara, ya shafa gindinsa, ya lashi yatsa. Jama'a sun taru, har Inna ta zo bisa Duna. Da ya kai wani buhu can wajen ƙarshe ya tsaya. Kusurwarsa ta jiƙe, ta yi duhu. Ya durƙusa ya matsa wurin, ya daɗe. Yayana ya runtse ido.

Dattijon ya ɗago ya ce, "Wanga kusurwa ta miyar gidana ce, dama uwargida ta ce in rage mata." Ya dubi yayana. "Tahi ka ɗauki goronka, ɗana. In ka gaji da noma ka zo Kamba, ina neman mai gadi."

Sarkawa suka buga filafilan tuƙi a jikin jirage, mata suka rangaɗa guɗa. Yayana bai tsaya ba, ya ruga gari a guje ba riga, mu muna biye. Muka iske shi durƙushe a ɗakin Inna, ya kwance ƙunshi ɗaya. Goron na nan jajir da fari, yana sheƙi. Ya ɗauki ɗaya ya gatsa, muka ji ƙarar har ƙofa. Sai hawaye. Ya juyo wajen Inna, ya durƙusa sosai, bakinsa na motsi, ba abin da ke fita.

Ta ce, "Bar wahal da kanka, mai gero, muryarka ta tsaya fadama. Tashi ka sa riga, dillalai na ƙofa. In ka yi girbi, jakkaina na son harawa."

Kafin azahar washegari ba sauran goro ko ɗaya. Yayana ya mayar da bijimi, ya cika rumbu, bai kuma sake fatauci ba, ya ce ya gani ya isa. Amma tun daga shekarar, kowace kaka sai ya ɗauro harawar wake daga Bahindi, mafi kyau a gonarsa, ya sauke a ƙofar Inna. Ita kuma ta fito ta juya damin da ƙafa ta ce, "Ta bara ta fi." Shi ya ce, "Inna, bara ma haka kin ka ce." Su yi ta yi har a kawo fura.

Bana ma ya kawo. Ina zaune a zaure na ji saukar dami. Na fito na iske shi tsaye, ya buɗe baki zai yi sallama, ya tuna, ya rufe. Muka tsaya mu biyu muna kallon harawar. Can matata ta fito, ta dube mu, ta sa ƙafa ta juya damin. Sannan ta kira masu jakuna su shigar da ita, don akwai kayan mutane da Inna ta karɓa kafin ta kwanta, kuma jibi za a tashi.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya yafe mata kurakuranta, Ya sauke mata nauyi kamar yadda ta sauke wa bayinSa. In na yi kuskure a abin da na rubuta, waɗanda suka fi ni saninta su gyara mini, su kuma sa ta a addu'a. Amin.